Hasashen makamashi da sauyin yanayi: daga ina alƙaluman suke fitowa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar jarida ce, kuma da wuya mako ya wuce ba a ajiye mini rahoton da ke cewa zuwa shekarar 2050 duniya za ta riƙa ƙona mai kaza, ko harajin hayaƙi zai ci kaso kaza na tattalin arziki, ko sauyin yanayi zai jawo asarar tiriliyan kaza ba. Wani lokaci rahotanni biyu a kan abu guda sukan zo da alƙaluman da ko kama ba su yi ba. Ta yaya ake samo su? Mutanen da suka kasa faɗin farashin mai na baɗi, ta ina suka san na shekara talatin masu zuwa? In riƙa buga su, ko kuwa shaci-faɗi ne aka sa wa rigar ilimi?"

Wa'alaikumus salam Malama. Abu biyu kike tambaya: yadda ake ƙera alƙaluman, da irin nauyin da ya kamata a ɗora musu. Sanin gaibu sai Allah, babu kwamfutar da ta san yadda 2050 za ta kasance. Amma kuma ba shaci-faɗi ba ne. Kowane adadi da kika gani amsa ce ta wata tambaya mai farawa da "idan", sai dai kafin ya iso teburinki galibi an riga an cire sharaɗin an bar adadin tsirara. Rahotanni biyu da suka saɓa, mafi yawan lokaci ba a lissafi suka saɓa ba. A sharuɗɗa uku ko huɗu suka rabu, wasu daga cikinsu ma ba abin aunawa ba ne, zaɓi ne na mai lissafin.

Abin da ke cikin samfurin lissafi

Abin da muke kira samfurin lissafi jerin ƙa'idoji ne da aka rubuta wa kwamfuta, masu ɗaure abu da abu: yawan jama'a da buƙatar wuta, farashin mai da yawan tafiye-tafiye, hayaƙi da zafin duniya. Mafi sauƙinsu, wanda za ki iya yi a bayan takarda, shi ne na wani masani ɗan Japan, Yoichi Kaya. Ya ce hayaƙin kabon na kowace ƙasa ninkin abu huɗu ne: yawan mutane, arzikin kowane mutum, makamashin da ake ƙonawa kafin a samar da dala ɗaya ta arziki, da hayaƙin da ke fita daga kowane ma'aunin makamashin. Mu ƙaddara jama'a na ƙaruwa da kashi 1 cikin 100 a shekara, arzikin kowa da kashi 2. Biyun farko sun tura hayaƙi sama da kashi 3 ke nan. Idan tsimin makamashi da tsaftarsa a haɗe suna inganta da kashi 2.5 kacal, to hayaƙi yana hawa, ko da wane irin alkawari shugaba ya ɗauka a taron duniya. Amfanin samfuri na farko ke nan, kuma ni a wurina shi ne mafi girma: yana hana mutum faɗin abubuwa huɗu da ba za su yiwu a lokaci guda ba.

Manyan samfura gida biyu ne. Na injiniyoyi daga ƙasa suke tasowa. Ana zuba musu kowace irin tashar wuta, kuɗin gina ta, tsawon ranta, man da take sha, sai a ce wa kwamfuta ta zaɓo haɗin da ya fi araha wanda zai biya buƙata. Samfuran TIMES da OSeMOSYS, da kuma MESSAGE na cibiyar bincike ta IIASA da ke Ostiriya, duk 'yan wannan gida ne. Sun san inji ciki da waje, amma suna ɗaukar ɗan'adam a matsayin akawun da ba ya kuskure, wanda ya san farashin shekara arba'in masu zuwa tun yau. Shi ya sa idan wata fasaha ta fi wata araha da ɗan ƙanƙanin abu, sai samfurin ya kwashe ƙasa gaba ɗaya ya mayar kanta a dare ɗaya, har sai mai lissafi ya sa masa takunkumi da hannu. Ki riƙe maganar takunkumin nan, za mu dawo kanta.

Na masana tattalin arziki kuwa daga sama suke saukowa. Ba ruwansu da injin ɗaya-ɗaya, kasuwanni suke kallo. Tambayarsu ita ce, idan farashin fetur ya tashi da kashi 10, da nawa saye zai ragu? A shekarar farko kaɗan ne, kashi 1 zuwa 3, domin motar da mutum yake da ita ita ce dai, nisan wurin aikinsa bai canja ba. Bayan shekara goma raguwar takan ninka, don an sauya motoci an sauya matsuguni. Raunin wannan gida shi ne duk ma'aunansa daga tarihi aka ɗebo su. Tun 1976 Robert Lucas ya yi gargaɗin cewa idan gwamnati ta sauya doka, ɗabi'ar da aka auna a ƙarƙashin tsohuwar doka ita ma takan sauya. Akwai kuma gida na uku da ya haɗa tattalin arziki da kimiyyar yanayi a tukunya ɗaya. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne DICE, wanda William Nordhaus na jami'ar Yale ya gina a farkon shekarun 1990, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2018.

Hasashe daban, ƙaddarawa daban

Yawancin abin da ake bugawa da sunan hasashe, masu shi ba su ce haka zai faru ba. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, wadda aka kafa a 1974 bayan rikicin man 1973, takan fitar da hanyoyi da yawa a rahotonta na shekara-shekara. Wata hanyar ta ƙaddara cewa gwamnatoci sun tsaya a kan manufofin da suka riga suka shimfiɗa. Wata ta ƙaddara cewa duk alkawuran da aka ɗauka an cika su a kan lokaci. Wadda ta fitar a watan Mayun 2021 kuwa daga ƙarshe ta faro: ta kafa sharaɗin cewa a 2050 hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake janyewa sun yi daidai, sannan ta yi lissafi da baya-baya don ganin abin da ya wajaba a yi. Wanda ya ɗauki adadi daga wannan ta uku ya rubuta "IEA ta ce amfani da mai zai faɗi ƙasa warwas" ya yi wa hukumar ƙage ba da gangan ba. Haka rahoton 2018 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ya ce sai an rage hayaƙi da kusan kashi 45 cikin 100 daga matakin 2010 kafin 2030: sharaɗi ne na tsayar da ɗumama a digiri 1.5, ba albishir ba ne.

Kuskuren yakan bi ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai wata hanya mai suna RCP8.5 da aka ƙirƙira don a ga mafi munin abin da zai yiwu, wadda ta ƙaddara cewa ƙona kwal zai ninka sau da yawa a wannan ƙarni. Shekaru aka yi ana gabatar da ita kamar ita ce inda aka dosa idan ba a yi komai ba.

Inda aka sha ƙasa

Maganarki a kan farashin mai gaskiya ce, ba zan kare kowa ba. A watan Yulin 2008 ganga ta kai kusan dala 147, kafin ƙarshen shekarar ta sauko ƙasa da 40. A tsakiyar 2014 tana sama da 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin gangar man Amurka a kasuwa ya rufe a ƙasa da sifili, wato mai kaya ne ke biya a kwashe. Farashin gajeren lokaci yaƙi ne da annoba da shawarar ƙungiyar OPEC ke juya shi, kuma duk labarin da za a iya sani kasuwa ta riga ta haɗiye shi. Amma ki lura, yawan man da duniya ke sha bai yi irin wannan tsalle-tsalle ba. Motoci da jirage da masana'antu ba sa sauyawa a shekara ɗaya, tashar kwal da aka gina yau tana iya kai shekara 40 tana aiki. Saboda haka faɗin yawa ya fi faɗin farashi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma rashin sanin farashin baɗi bai rushe dukan sana'ar ba.

Kurakuran da suka fi damuna su ne na dogon zango. A farkon shekarun 1970 hukumar nukiliya ta Amurka ta yi tsammanin ƙasar za ta mallaki injinan nukiliya kusan 1,000 a shekarar 2000. Da lokacin ya zo ɗari da 'yan kai ne. A tsakiyar shekarun 2000 kowa ya yarda gas ɗin Amurka na ƙarewa, har aka gina tashoshin shigo da shi ta ruwa. Sai fasahar fasa dutse ta fito da gas mai yawan gaske, tashar Sabine Pass da aka gina don shigowa ta fara fitarwa a 2016, zuwa 2023 kuma Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen sayar da gas ta jiragen ruwa.

Na wutar sola ya fi duka koyarwa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Shekara bayan shekara manyan rahotanni suna nuna cewa yawan faifan sola da ake kafawa zai tsaya kusa da inda yake, shekara bayan shekara kuma yana zarce layin da aka zana masa. A ɗaga layin, a sake shimfiɗa shi a kwance, a sake wuce shi. Dalilin ba wauta ba ne. Samfuran suna karɓar farashin fasaha daga waje, mai lissafi ne ke rubuta cewa zai sauka da kaza a shekara. A zahiri kuwa farashin ba shekaru yake bi ba, yawan abin da aka ƙera yake bi. Wani injiniya, Theodore Wright, ya gano haka a masana'antar jiragen sama tun 1936: duk lokacin da jimillar abin da aka taɓa ƙerawa ta ninka biyu, kuɗin ƙera ɗaya yakan sauka da wani kaso tsayayye. A faifan sola kason ya kai kusan 20 cikin 100. Ninki goma a jere ke nan ya zaftare kusan kashi 90 na farashi. Dokar da Jamus ta yi a 2000 ta sayen wutar sola da tsada ta samar da kasuwa, masana'antun Sin suka cika ta, farashi ya faɗi, faɗuwar ta jawo wasu ƙasashen, su ma suka ƙara ninkin. Tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da wuta a manyan gonakin sola ya ragu da kusan kashi 90, batirin lithium ma kusan haka. Ga kuma takunkumin da na ambata: da yawa daga samfuran an sa musu iyakar saurin da sola za ta iya yaɗuwa, iyakar da aka ɗauko daga tunanin mai lissafi.

Wannan ba ƙaramin bambanci yake kawowa ga shawara ba. Samfurin da ya ɗauka farashi zai sauka da kansa zai ce wa gwamnati ta jira, gobe ya fi araha. Wanda ya san saye ne ke saukar da farashi zai ce a fara yau, domin jiran shi ne ke hana arahar zuwa. Bayanai ɗaya, shawara biyu masu karo da juna.

Kada kuma a ɗauka kowace fasaha haka take. Abin da ake bugawa miliyoyi iri ɗaya a masana'anta shi ne ke koyo da sauri. Manyan gine-gine da ake yi ɗaya-ɗaya sukan ƙara tsada ma. Injin nukiliya na uku a Flamanville ta Faransa an fara shi a 2007 da kiyasin Yuro biliyan 3.3, bai shiga layin wuta ba sai Disambar 2024, bayan ya ci kusan ninki huɗu. Sannan arahar sola da rana tsaka ba ita ce arahar wuta da tsakar dare ba. Rahoton da ya kwatanta kuɗin samarwa kawai, bai sa na ajiya da na layuka ba, rabin lissafi ya yi.

Dala 1, dala 51, dala 190

Yanzu ga inda rahotanni suka fi saɓawa. Akwai adadin da ake kira ɓarnar tan ɗaya na kabon: jimillar asarar da tan guda na hayaƙin da aka saki yau zai jawo wa duniya har ƙarnuka, a ƙiyasta ta da kuɗin yau. Gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana amfani da shi wajen auna dokoki. A 2010 ta sa shi dala 21. A wa'adin Trump na farko ya koma tsakanin dala 1 da 7. A 2021 aka mayar da shi 51, a ƙarshen 2023 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kai shi 190. Sararin samaniya bai canja da zaɓe ba. An sabunta kimiyyar a kiyasin ƙarshe, amma manyan abubuwan da suka yi ta juya adadin biyu ne: ɓarnar wa za a ƙirga, ta Amurkawa kaɗai ko ta duniya duka, da kuma yadda za a rage darajar asarar da ke nesa.

Na biyun shi nake kira ragin lokaci, kuma in da abu ɗaya za ki koya daga wannan amsa, shi ne. Asarar dala 100 da za ta auku bayan shekara 100, nawa take a yau? Idan ragin kashi 1.4 ne a shekara, kusan dala 25 ce. Idan kashi 3 ne, dala 5 da ɗan kai. Idan kashi 5 ne, ba ta kai dala ɗaya ba. Tunda kuɗin rage hayaƙi yau ake biyansa, amfaninsa kuma jikoki ne za su gani, wannan ɗan adadi shi ke yanke hukunci kafin a kunna kwamfuta. A 2006 Nicholas Stern ya shirya wa gwamnatin Birtaniya rahoton da ya ce zaman jira zai ci aƙalla kashi 5 na arzikin duniya kowace shekara, ƙila har 20, alhali ɗaukar mataki kusan kashi 1 zai ci. Ragin da ya yi amfani da shi kusan 1.4 ne. Nordhaus ya yi amfani da sama da 4, ya fito da shawarar a fara a hankali a riƙa ƙarawa. Dukansu ƙwararru ne, babu wanda ya yi kuskuren lissafi.

Dalili biyu ke sa a rage darajar gaba. Na ɗaya, ana zaton na baya za su fi mu arziki, don haka dala ɗaya ba za ta yi musu zafin da take yi mana ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ke hana mu ƙwace daga bakin talakan yau mu ajiye wa mai wadatar gobe. Na biyu gajen haƙuri ne zalla: nawa na yanzu ya fi na wanda ba a haifa ba, don kawai ba a haife shi ba. Tun 1928 Frank Ramsey ya ce wannan ba shi da madafa a ɗa'a. Stern ya kusan share shi, ya bar kashi 0.1. Nordhaus ya ce a bi abin da kasuwa ke nunawa mutane na yi a zahiri. Ni na fi karkata ga Stern a kan wannan gaɓa, domin kuɗin ruwan kasuwa ra'ayin rayayyu ne kaɗai, waɗanda abin zai faɗa wa ba su da ƙuri'a a ciki. Amma ra'ayi ne, kuma abin da nake ƙi shi ne a ɓoye shi a shafi na ɗari da wani abu a gabatar da sakamakon kamar awon ma'aunin zafi.

Ɗaya ramin shi ne ƙa'idar da ke juya zafi zuwa asara. A wani zubi na DICE, ɗumamar digiri 3 tana cin kusan kashi 2 na arzikin duniya, ta digiri 6 kuma kashi 8.5. To, tazarar da ke tsakanin zamaninmu da lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada digiri 5 zuwa 6 ce. A ce sauyi mai wannan girma asararsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba, da wuya hankali ya ɗauka. Babu wani tattalin arziki da aka taɓa aunawa a irin wannan zafi, layin an ja shi ne daga ɗan abin da aka gani zuwa inda ba a taɓa zuwa ba. A kan haka Robert Pindyck na jami'ar MIT ya yi wa irin waɗannan samfura kaca-kaca a 2013. Kafin shi, a 2009, Martin Weitzman na Harvard ya kawo hujjar da ta fi tasiri a kaina: idan akwai 'yar ƙaramar yiwuwar bala'in da ba a farfaɗowa daga gare shi, matsakaicin kiyasi ba shi ne abin dubawa ba, kamar yadda mai sayen inshorar gobara ba don ya yi zaton gidansa zai ƙone yake saye ba.

Akwai kuma tambayar ko zafi yana rage arziki sau ɗaya ne, ko kuwa saurin bunƙasa yake ragewa. Idan bunƙasa ta sauka daga kashi 2 zuwa 1.7 a shekara, bayan shekara 80 an rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wani bincike na Burke da Hsiang da Miguel a 2015 ya bi wannan hanya ya fito da asarar kusan kashi 23 nan da shekarar 2100. Daga nan kin ga yadda rahoto ɗaya zai ce 2, wani ya ce 20. Sannan tunda da dala ake awo, gonar manomi a ƙasa matalauciya da ta ƙone ƙurmus ba ta kai nauyin ɗan gyaran gini a ƙasa mai arziki ba, sai fa in mai lissafi ya daidaita da gangan.

Abin da nake fara dubawa

Ni ɓangaren tattalin arziki na sani, alƙaluman zafi kuwa daga masana yanayi nake karɓa. Abin da zan iya shaida shi ne nasu ya fi namu tsayuwa. A 1979 aka ƙiyasta cewa ninka kabon a sama zai ɗumama duniya da digiri 1.5 zuwa 4.5, a 2021 IPCC ta matse shi zuwa 2.5 zuwa 4. Iska ba ta karanta rahoto ta sauya hali, mutane kuwa suna yi.

Idan aka kawo mini tsarin wutar lantarki na wata ƙasa in duba, kafin sakamako nakan nemi kuɗin ruwan da aka sa wa jari. Tashar sola kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashewa, tashar gas kuwa a hankali take ci ta hanyar mai. Jarin dala 100 da za a biya cikin shekara 25, a ruwan kashi 4 yana buƙatar kusan dala 6.4 a shekara, a ruwan kashi 12 kusan 12.7. Faifai ɗaya, rana ɗaya, farashin wuta ninki biyu. Samfuran duniya da dama ruwa ɗaya suke sa wa kowace ƙasa, sai su nuna sola ta yi nasara a wuraren da masu ba da bashi ba su yarda ba tukuna. Na sha ganin tsari mai kyau a takarda wanda da aka sa masa ruwan gaskiya ya kife. Abu na biyu, buƙata. Inda wuta ba ta tsayawa, abin da mita ta nuna ba buƙata ba ce, abin da aka samu ne. Wanda ya ja layi daga wannan adadi zuwa gaba ya tsara wa ƙasa ƙarancin da take ciki har abada.

To me ya sa ba a watsar da su ba? Domin mai gina tashar da za ta yi shekara 40 dole ya yi zato a kan gaba, ko ya rubuta ko bai rubuta ba, kuma zaton da aka rubuta shi ake iya kamawa. Sukan kuma yi daidai inda hayaniya ta yi kuskure. A Maris na 2022 wasu masana suka ƙiyasta cewa yanke gas ɗin Rasha, wanda ya kai fiye da rabin abin da Jamus ke shigowa da shi, zai ci kashi 0.5 zuwa 3 na arzikin ƙasar. Aka yi musu ca, masana'antu na cewa durƙushewa za a yi. Gas ɗin ya tsaya a ƙarshen watan Agustan shekarar, an sha wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabi, amma durƙushewar ba ta zo ba, domin mutane da kamfanoni sun nemi madadi kamar yadda lissafin ya ce. Shirin Amurka na 1990 na rage hayaƙin da ke haddasa ruwan sama mai guba shi ma ya zo da araha fiye da yadda aka ƙiyasta, wani ɓangare saboda jiragen ƙasa sun sauƙaƙa jigilar kwal mai tsafta daga Wyoming. Kiyasin tsadar dokar muhalli ya fi yawan yin sama da gaskiya, domin dabarar da ba a ƙirƙiro ba tukuna ba ta cikin samfuri.

Hanya mafi kyau ta amfani da su, a ganina, ita ce a gudanar da su sau ɗaruruwa da sharuɗɗa daban-daban, a nemi matakin da ba ya jawo nadama mai yawa a mafi yawansu, a kuma gina doka mai gyara kanta. Kasuwar izinin hayaƙi ta Tarayyar Turai, inda kamfanoni ke saye da sayar da izinin fitar da hayaƙi, ta fara a 2005 da yawan izinin da aka kafa bisa kiyasi. Izinin ya yi yawa, farashi ya kusan kai sifili a 2007, ya sake faɗowa ƙasa da Yuro 5 a 2013. Sai da aka kafa asusun da ke janye rarar izini kai tsaye daga 2019 kasuwar ta miƙe, har ta haura Yuro 100 a Fabrairun 2023. Ba hasashen aka gyara ba, dokar aka sa ta daina dogara da dacewarsa.

Abin da samfura suka fi gazawa a kai shi ne wa zai biya. Adadin "kashi 1 na arzikin ƙasa" matsakaici ne, yana iya zama sifili ga mazaunin birni mai jirgin ƙasa a ƙofar gida, ya zama babban kaso na albashin wanda ke tuƙa tsohuwar mota mai nisa zuwa aiki. Ƙarin harajin man Faransa ya yi kyau a lissafi, zanga-zangar masu rigar ɗorawa ta Nuwamban 2018 ta sa aka janye shi.

Saboda haka ki buga su, amma da sharaɗinsu a jimla ta farko, ba a ƙasan labari ba. Ki tambayi masu rahoton ko hasashe ne ko ƙaddarawa, kuma da me aka kwatanta, domin "asarar kashi 3 a 2050" galibi tana nufin arziki zai ƙaru sosai amma ya gaza wani layin zato da kashi 3, ba wai a fi yau talauci ba. Ki nemi mafi ƙanƙanta da mafi girman kiyasi, ki nemi abin da suka faɗa shekara goma da suka wuce ki gwada da abin da ya faru, ki tambayi wanda ya biya kuɗin aikin da ko an bar wasu su duba cikin samfurin. Idan kina da yammaci ɗaya da babu aiki, akwai zubin DICE da aka saki a manhajar Excel. Ki sauke shi, ki canja ragin lokaci daga babba zuwa ƙarami ba tare da taɓa komai ba, ki ga inda harajin kabon da yake ba da shawara zai koma.